Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Lauyoyin Kaduna: Ku Ɗauki Muryar Iyayenmu Masu Shari'a Tun Suna Iya Ba Da Labari

Zuwa ga shugabanni da membobin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya reshen Kaduna, da 'yan'uwa mata na FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Ni ba lauya ba ce, ban taɓa ɗora hular gashin nan taku a kaina ba. Shekara talatin da biyu na yi ina buga tafireta a rajistirin kotu, ran da tafinta bai zo ba kuma a ce in shiga in tsaya tsakanin mai shari'a da mai ƙara. Manyanku sun san irinmu. Mu ne kuke leƙowa ta taga da gumi a goshi kuna cewa, "Hajiya, don Allah kwafin hukuncin nan, jibi wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika." Yanzu na yi ritaya, ina zaune a Tudun Wada cikin jikoki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko in ce na sa aka ɗaukar mini tunda idon ya yi rauni, wani fim ne da aka nuna mini a tsakar gida.

Kishiyata ce ta zo da shi, wato jikata da ke karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta zo hutu, ta dame ni sai na kalla. Bayan sallar isha'i ta ɗora kwamfutarta a kan kujera 'yar tsugunno, muka shimfiɗa tabarma, ba wuta kamar kullum, sai batirin da ta yi caji a shagon bakin layi. Turancina na kotu ne, na Ingila, wanda ake ja a hankali. Na Amurkawan nan da ake haɗiye rabi ba ya shiga kunnena sosai, don haka ita ke tsayarwa tana fassara mini. Fim ɗin awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ne, amma sai da muka kai sha biyun dare.

Sunansa RBG, haruffan farko na sunan Ruth Bader Ginsburg, mai shari'a a Kotun Ƙolin Amurka. Mata biyu ne suka shirya shi, Betsy West da Julie Cohen, ya fito a 2018, shekara biyu kafin rasuwarta a watan Satumba na 2020 tana da shekara 87. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Ita ce da kanta a ciki, 'yar ƙaramar tsohuwa mai manyan tabarau, da 'ya'yanta, da jikarta, da mutanen da ta tsaya wa a kotu tun suna matasa, yanzu duk sun yi furfura.

Da yawanku kun fi ni sanin tarihin, amma wasiƙar nan ba ku kaɗai za ku karanta ba. Ta shiga makarantar lauyoyi ta Harvard a 1956, su tara mata a cikin ɗalibai wajen 500, har shugaban makarantar ya tambaye su dalilin da ya sa suka tare gurbin maza. Tana da goyo a lokacin, ga mijinta ya kamu da ciwon daji, ita ke tattara masa darussan ajinsa ta buga da dare sannan ta koma kan nata. Da aka zo nan na ce wa kishiyata, wannan kam ta san zafin tafireta a yatsa. Ta ƙarasa a Columbia a 1959 tana sahun farko na ajinta, amma kamfanonin lauyoyi na New York suka ƙi ɗaukarta aiki. Ta koma koyarwa. Daga baya ta tsaya gaban Kotun Ƙoli a ƙararraki shida, ta yi nasara a biyar. Shugaba Carter ya naɗa ta kotun ɗaukaka ƙara a 1980, Clinton ya kai ta Kotun Ƙoli a 1993, mace ta biyu da ta zauna a wannan kujera. Ita ta rubuta hukuncin 1996 da ya buɗe wa mata makarantar soja ta jihar Virginia. A 2007, da abokan zamanta biyar suka kori ƙarar Lilly Ledbetter, wadda kamfanin taya ya shekara da shekaru yana biyanta ƙasa da maza abokan aikinta, a kan wai ta makara da kawo ƙara, sai Ginsburg ta karanta ra'ayinta na saɓani a fili ta ce saura majalisa. Majalisar kuwa ta gyara dokar a 2009.

Duk wannan na ji, na jinjina. Amma ba shi ya hana ni barci ba.

Akwai inda ake nuna zauren kotu babu kowa, kujeru kawai da labule, sai murya ta taso. Muryarta ce tana matashiyar lauya a 1973, tana yi wa alƙalai maza tara bayani a shari'ar wata hafsan sojan sama, Sharron Frontiero, wadda aka hana kuɗin gidan da ake ba kowane soja namiji mai aure ba tare da tambaya ba. Na ce, "Tsaya. Wa ya kwaikwayi muryar?" Ta ce, "Hajiya, ba kwaikwayo ba ne, ita ce. Kotun tasu tana naɗar muryar lauyoyi a faifai tun 1955." Na yi shiru. Hankalina ya bar Amurka ya koma wani ɗaki da ke bayan rajistirin wata kotu da na yi aiki.

Ɗakin ba shi da taga. Fayiloli ne ɗaure da igiya tun daga ƙasa har kusa da silin, kwanon yana yoyo a kusurwa ɗaya, mun ajiye bokiti. Idan ka buɗe ƙofa wari ne zai fara tarbarka, na takarda da ta sha ruwa ta bushe ta sake sha. Wata rana da damina wata mata ta zo daga wajen Rigasa da ɗanta saurayi. Shekaru da suka wuce kotun ta tabbatar mata da tumuninta na takaba da rabon 'ya'yanta a gidan mijinta, yanzu ƙanen mijin ya sake tasowa yana neman sayar da gidan, takardarta kuma gobara ta ci. Kwafi kawai take so. Kwana uku muka yi ni da masinja muna sauke ɗauri. Muka sami fayil ɗin. Gara ta shiga ta tsakiya ta yi masa rami kamar an sa wuƙa, shafin farko yana nan, sa hannun mai shari'a yana nan a ƙarshe, amma inda aka ambaci rabon ya zama ƙasa. Na riƙe shi a hannu yana zuba a zanena. Matar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To, Hajiya, ke ba ki tuna ba?" Ni na buga hukuncin da hannuna, kuma wallahi ban tuna ba.

Masu shari'armu da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa a gabansu, kun sani, ku ne kuke jira su gama layi kafin ku ci gaba. Abin da bai shiga littafin ba ya tafi da iska. Wanda ya shiga kuma yana hannun gara. To idan hukunci ma haka yake ƙarewa, ina ga labarin wanda ya yanke shi?

Da fim ya ƙare na yi wa kishiyata jarrabawa. Shari'o'in Ginsburg tana jero su da shekarunsu kamar karatun allo. Na ce, "Madalla. Wace ce Aloma Mukhtar?" Ta ce, "Haba Hajiya, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya." Na ce, "Sai me? Me ta yanke? A ina ta yi firamare?" Sai ta fara gyara ɗankwali. Ban ga laifinta ba. Abin da aka ajiye mata shi ta ɗauka.

Maryam Aloma Mukhtar a Zariya ta yi karatun farko, har da makarantar Wusasa, kafin ta tafi Ingila. Ta zama lauya a can a 1966, a nan gida a 1967, kuma ita ce lauya mace ta farko daga Arewa. Aikinta na farko a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa ne, wato a garin nan namu, a shekarar da aka yanka Arewa zuwa jihohi shida yaƙi kuma ya ɓarke. Ku tsaya ku hango: yarinya 'yar shekara ashirin da biyu tana shiga ofishin gwamnati a Kaduna ta wancan lokaci da baƙar riga a hannu. Wa ya gaishe ta? Wa ya ƙi? A ina ta sauka, tunda gidajen ma'aikata ba a gina su da tunanin budurwa lauya ba? Ta zama mai shari'a a Babbar Kotun Kano a 1977, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, inda ta yi kusan shekara goma sha takwas, sannan Kotun Ƙoli a 2005, a kowane mataki ita ce mace ta farko. A watan Disamba na 2008, da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da rinjayen huɗu da uku a ƙarar da Janar Buhari ya kai, tana cikin ukun da suka ce a soke zaɓen, ita da masu shari'a Oguntade da Onnoghen. Shugaban ƙasa mai ci, ɗan Arewa, kuma ta sa hannu a kan takardar da ta ce zaɓensa bai inganta ba. Ta hau kujerar Alƙalin Alƙalai a ranar 16 ga Yuli 2012, ta sauka a 20 ga Nuwamba 2014 ranar da ta cika saba'in, a tsakanin nan kuma an yi wa wasu alƙalai ritayar dole saboda abin da suka aikata, abin da mu 'yan rajistiri muka riƙa yi wa juna raɗa a kansa muna murmushi.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma abin da ya sa na rubuto muku ku na Kaduna ke nan, ban rubuta wa Abuja ba. Mai shari'a Rahila Cudjoe ta riƙe kujerar Babbar Jojin jihar nan fiye da shekara goma, ita ce kuma ta shugabanci kwamitin binciken rikicin Zangon Kataf na 1992. Duk wanda ya san Kaduna ya san zama a kan wannan kujera a wancan lokaci ba shan shayi ba ne. Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020, a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi karatu, haka wadda ta gaje ta, Monica Dongban-Mensem. Clara Bata Ogunbiyi 'yar Borno ita ma ta Zariya ce. Ita ta rubuta babban hukuncin Kotun Ƙoli na watan Afrilun 2014 da ya rushe al'adar garin Awka na jihar Anambra mai korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. A wannan watan ne kotun ta yanke shari'ar Ukeje, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Uban ya rasu tun 1981. Shekara talatin da uku 'yar tana jiran a ce mata ita ma 'yarsa ce. Ga Fati Lami Abubakar da ta yi Babbar Jojin Neja, ga Amina Augie da Uwani Abba Aji da suka kai Kotun Ƙoli. Kano ma da ta fara samun mace a babbar kotu tun 1977, sai a 2023 ta naɗa mace Babbar Joji, Dije Aboki. Wannan tazarar kaɗai ta isa a zauna a tambayi wanda ya sani.

Roƙona ke nan, ranku ya daɗe: ku je ku zauna da waɗanda suka yi ritaya a cikinsu da na'urar ɗaukar hoto da murya, ku bar su su yi magana. Mai shari'a da ke kan kujera bakinsa a ɗaure yake, na sani. Wadda ta sauka kuwa ta huta da wannan takunkumi. Aloma an haife ta a 1944, ku yi lissafi da kanku. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa mun saba sai an yi rasuwa a kira zaman kotu na ban kwana, kowa ya sa baƙar riga ya karanta jawabi mai shafi goma a kan wadda ba ta nan balle ta ce "a'a, ba haka aka yi ba." Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a gida. Ɗana, uban yarinyar, ya leƙo muna kallo ya ce, "Hajiya, ke ma an sa ki a layin 'yan daidaiton jinsi?" Bari in faɗa muku gaskiya, a shekara talatin da biyu ban taɓa jin mace ta tsaya a gaban alƙali ta ce "daidaiton jinsi" ba. Abin da suke cewa shi ne: "Allah ya gafarta malam, haƙƙina nake nema." "Ya bar ni da yara huɗu ba ci ba sha." "A raba mana gado, shekara bakwai ke nan." "Ya ba ni takardata." "Na yarda in mayar da sadaki, amma abin da yake ƙirgawa har da kuɗin zance da goron sallah." Idan kuka yi fim da waccan kalma ta taron otal, mazan Kaduna za su canza tasha, matan kuma su ɗauka ba da su ake ba. Idan kuka yi shi da kalmomin da ake faɗa a kotun Magajin Gari, kowa zai zauna, don babu gidan da ba a taɓa rigimar gado ko riƙon yara ba.

Ita kanta Ginsburg, abin da ya fi burge ni da ita wayo ne irin na tsofaffin matan gida. Ta san maza tara ne za su yanke hukunci, sai ta kawo musu namiji. Stephen Wiesenfeld matarsa malamar makaranta ce, ita ce mai albashin kirki, ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jariri. Ya nemi tallafin da gwamnati ke ba gwauruwa mai renon maraya, aka ce na mata ne kawai. Ginsburg ta nuna wa kotun cewa doka ɗaya ta cuci mutum uku: mijin da ke son renon ɗansa, jaririn, da marigayiyar da aka yi ta yankar albashinta amma kuɗin bai amfani iyalinta kamar na namiji ba. A 1975 kotun ta ba shi gaskiya ba tare da ko mutum ɗaya ya saɓa ba. Ba ta zage su ba, ba ta ce a rushe tsarin mulkinsu ba. Littafin da suka yi rantsuwa da shi ta buɗe musu ta ce ku karanta nan.

Mu ma an yi irin wannan a gabanmu. Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, ba hayaniyar ƙasashen waje ce ta sake ta ba. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da sauransu, littattafan Malikiyya suka buɗe: haƙƙin janye iƙirari, da batun kwantaccen ciki, da cewa alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu cikin biyar. Yaran da aka haifa a waccan shekarar sun kai karatun lauya a Kongo, kuma da yawansu ta bakin Turawa suka san labarin, in ma sun sani.

Batun ko mace za ta yi alƙalanci ma kada ku tsallake shi don tsoro. Ku kai wa malamai na Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke Zariya su baje shi. Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ba mace kujerar alƙali ba, Abu Hanifa ya yarda a abin da ba haddi da ƙisasi ba, Ɗabari ya yarda gaba ɗaya. Saɓani ne da ya girmi kakannin kakanninmu, ba Bature ya kawo shi ba, kuma jama'a sun isa su ji shi yadda yake. Shehu Usmanu da kansa, a Nurul Albab, ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da almajiran waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato mata masu karantar da mata, ta tura su ƙauyuka. Wanda ya ce maganar haƙƙin mace baƙuwa ce a ƙasar nan bai leƙa taskar gidansu ba.

Sai dai ina da sharaɗi, in har tsohuwar mai tafireta tana da ikon kafa wa lauyoyi sharaɗi. Kada ku yi mana roƙo. Maroƙa muna da su, sun fi ku iyawa. Fim ɗin Amurkawan ma a nan ya ɗan gaza a idona: son matar ya yi musu yawa. An nuna ta tana motsa jiki tana da shekara tamanin da wani abu, an nuna matasa na buga hotonta a riguna, amma maganar da ta fi ciwo, wato ƙin saukar da ta yi lokacin da shugaban da ke ra'ayinta zai iya naɗa magajinta, an taɓa ta ne sama-sama. Da ta rasu Trump ne ya cike gurbin. Akwai kuma matsayinta a kan zubar da ciki da wasu al'amura da ni dai ba zan bi ta ba, na kuma faɗa wa kishiyata haka ƙarara. Mutum ya iya koyon ɗinki a wurin tela ba tare da ya sa irin rigarsa ba.

Namu ma a tambaye su masu zafin. A watan Nuwamba na 2012, Aloma Mukhtar tana Alƙalin Alƙalai ta dakatar da rantsar da mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda ƙorafin cewa asalinta Anambra ne amma an kawo ta a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki. Ƙasa ta ɗauka, Majalisar Dattawa ta sa baki, daga baya aka rantsar da ita. Mace ta farko a kujerar, kuma ga mace 'yar'uwarta a tsaye an ce ta koma ta zauna. Ni na fi son in ji daga bakinta abin da ke ranta a ranar, da ƙa'idar da ta ga ta ɗaure mata hannu, fiye da in ji an jero mini lambobin yabonta. Matsalar kuma tana nan ba ta kau ba. Matar aure a ƙasar nan, garin ubanta ya ce ta tafi, garin mijinta ya ce baƙuwa ce. A Kaduna, inda Bazazzagi ke auren Bakanuwa, Bajju ke auren 'yar Filato, Banufe ke auren Bakatsiniya, kowace unguwa akwai mai wannan ciwo. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da wanda zai ba mace 'yancin zama 'yar jihar mijinta, da wanda zai gyara sashe na 26 da ya ba namiji damar sama wa matarsa baƙuwa takardar zama 'yar ƙasa amma bai ba mace irin wannan dama a kan mijinta ba. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Ku tambayi iyayen nan namu me suke gani, yanzu da babu mai yi musu canjin wurin aiki.

A yi shi da Hausa. Wadda ba ta jin Hausa sosai ta yi Turancinta a ɗora fassara da murya, ba da rubutu a ƙasan hoto ba, don masu buƙatar labarin nan da yawa ba za su iya bin rubutu mai gudu ba. A yanka shi gajere-gajere yadda zai shiga waya, a kuma ba gidajen rediyo muryar, don matar da ke tuyar ƙosai a Unguwar Mu'azu rediyonta na gefen murhu, ba ta da lokacin zama gaban talabijin. Kaduna ce gidan Rediyon Tarayya da ake ji har Nijar da Kamaru, ga gidan rediyo da talabijin na jiha, ga masu zaman kansu, ga yara masu shirya fim da ke neman aikin yi. Cikakken faifan kuma, wanda ba a yanke komai ba, a kai Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke titin Rabah, a ajiye kwafi, a kai wani Kongo, wani kuma ya hau intanet inda gara ba ta kai. Kuɗinsa ba zai kai na liyafar dare ɗaya ta makon lauyoyi ba. Na taɓa leƙa irin liyafar, na ga abin da ake bari a faranti.

In kun tashi kuma kada ku tsaya a kan manya kaɗai. Akwai majistarorin da suka ƙare aikinsu a Kafanchan da Birnin Gwari da Saminaka ba wanda ya taɓa buga sunansu a jarida. Akwai muhutai da rajistarori da tafintoci. Akwai matan da suka kai ƙara suka ci, da waɗanda suka gaji da "an ɗage sai wata mai zuwa" suka bar wa Allah. A fim ɗin Ginsburg, mutanen da ta tsaya wa su ne suka ba shi rai, ba manyan baƙi ba.

Kishiyata ba ta jira ku ba. Washegari ta jingina wayarta da gwangwanin madara ta ce in fara. Na ce ni me na sani? Ta ce in faɗi ranar da mace ta fara zama a kotunmu. Sai ga shi na tuna har kalar mayafina. Sabuwar majistare ce, yarinya, ba ta fi talatin ba. Ƙarar farko ta wani dattijo ce daga ƙauye, shanu sun shiga masa gona. Aka buga tebur, kowa ya miƙe, ta shigo ta zauna. Dattijon ya shiga ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya wuce ta, ya je gaban rajistara mai gemu da ke zaune a ƙasanta ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam." Ɗan sandan kotu ya yunƙura zai daka masa tsawa, ta ɗaga masa hannu. Ta sunkuyo ta ce, "Baba, ina kwana? Nan za ka juyo." Ya juyo, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "'Yar nan, babanki fa?" Kotu ta fashe da dariya, ita ma ta rufe baki da fayil. Ta saurare shi fiye da awa ɗaya, ta sa aka je aka ga gonar, aka biya shi dawarsa. Da kaka ya dawo da kaji biyu a kwando, ta ce a mayar masa, ya zauna a bakin rajistiri ya ƙi tafiya har aka tashi. Ni aka aika in lallashe shi.

Wayar ta cika kafin in kai ƙarshen labarin kajin. Ta ce idan ta dawo hutu na gaba za ta zo da wadda ta fi wannan ciki.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Taku,
Tsohuwar mai buga tafireta a kotu,
Tudun Wada, Kaduna.